Patrick Troughton: Jarumin Ingila da aka tsinto aikinsa da ya ɓace a wani ɗakin ajiya a Jos

A watan Oktoban 2013, kafar yaɗa labarai ta BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirinta mai dogon zango, Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fitar da rai da su. A wani ɗakin ajiya na wata tashar talabijin da ke Jos, babban birnin jihar Filato, aka same su cikin gwangwanayen fim da ƙura ta lulluɓe.

Jarumin da ke cikin waɗannan fina-finai shi ne Patrick Troughton, wanda a lokacin ya shekara 26 da mutuwa. Shi ne mutum na biyu da ya fito a matsayin Dakta, wato gwarzon shirin, kuma masana tarihin talabijin na Birtaniya da dama na ganin cewa da ya gaza a wannan aiki a 1966, da tuni shirin ya zama tarihi. Amma duk da haka, cikin kashi 119 da ya yi, fiye da 50 babu su har yau.

Haihuwa da tasowa

An haifi Patrick George Troughton ranar 25 ga Maris, 1920 a unguwar Mill Hill da ke arewacin birnin Landan. Mahaifinsa lauya ne, kuma gidansu na masu rufin asiri ne. Ya yi karatu a makarantar Mill Hill, inda ya fara shiga wasannin kwaikwayo na 'yan makaranta.

Daga nan ya wuce makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Embassy da ke Swiss Cottage a Landan, inda ya yi karatu a hannun Eileen Thorndike. Hazaƙarsa ta sa ya samu tallafin ƙaro karatu a Amurka, a wata cibiyar horas da 'yan wasa da ke Long Island a jihar New York.

Yana can Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Ya kamo hanyar gida a wani jirgin ruwa na ƙasar Beljiyam, amma da suka kusa gaɓar Birtaniya sai jirgin ya taka nakiyar ruwa ya nutse. Troughton, wanda bai cika shekara 20 ba, ya tsira da ransa a cikin kwale-kwalen ceto.

Shekarun yaƙi

Bayan ɗan gajeren aiki da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a garin Tonbridge, ya shiga rundunar sojin ruwan Birtaniya a 1940. Ya fara da rakiyar ayarin jiragen dakon kaya a gaɓar gabashin Ingila, daga baya aka mayar da shi ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, waɗanda ke sintiri a Tekun Arewa da mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa.

Aiki ne mai hatsarin gaske, domin mafi yawansa cikin dare ake yi, kuma abokan karawarsu su ne jiragen Jamus masu harba makamai daga nesa. Troughton ya kai muƙamin laftanar, ya jagoranci jirgi da kansa, kuma an ambaci sunansa a rahoton yabo na rundunar saboda jarumtar da ya nuna.

Abin da aka fi tunawa da shi game da wannan zamani na rayuwarsa shi ne yadda yake kifa hular lulluɓe butar shayi a kansa idan sanyin teku ya tsananta. Wannan hali na cakuɗa barkwanci da aiki mai tsanani shi ne daga baya ya zama tambarinsa a talabijin.

Daga dandali zuwa akwatin talabijin

Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya koma sana'arsa. Ya yi aiki da ƙungiyoyin wasan dandali da dama, ciki har da Bristol Old Vic, sannan ya fara fitowa a talabijin a 1947, lokacin da gidaje ƙalilan ne a Birtaniya ke da akwatin kallo.

A 1948 ya samu ƙaramin matsayi a fim ɗin Hamlet na Laurence Olivier, a 1950 ya fito a Treasure Island na kamfanin Disney, a 1955 kuma ya sake aiki da Olivier a Richard III. Sai dai talabijin ce ta fi kwanta masa a rai. A wancan zamani kai-tsaye ake watsa mafi yawan wasanni, babu damar a yanke a sake ɗauka idan an yi kuskure, kuma Troughton na cikin waɗanda suka gwanance da irin wannan aiki.

A 1953 ya zama mutum na farko da ya fito a matsayin Robin Hood a talabijin, wato ɗan fashin nan na tatsuniyar Ingila mai ƙwace wa masu kuɗi ya bai wa talakawa. Shiri ne mai kashi shida na BBC, kuma ɗan guntu kaɗai ya rage daga cikinsa a yau.

A shekarun da suka biyo baya ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasan da daraktoci suka fi nema idan suna son wanda zai ɓace cikin kowane irin hali aka ba shi. A 1960 ya fito a matsayin Bulus a shirin Paul of Tarsus. A 1962 ya zama Quilp, mugun mai ba da bashi da ruwa a The Old Curiosity Shop, wanda aka ɗauko daga littafin Charles Dickens, matsayin da shi kansa yake ɗauka a cikin mafi kyawun ayyukansa. A 1963 ya fito a matsayin makaho Phineas a fim ɗin Jason and the Argonauts.

Jama'a sun san fuskarsa, amma ba kowa ne ya san sunansa ba. Hakan kuwa ya fi masa daɗi, don a ganinsa ɗan wasan da aka san shi da matsayi ɗaya, abincinsa ya kusa ƙarewa.

Shirin da ke dab da mutuwa

An fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka John F. Kennedy. Labari ne na almarar kimiyya game da wani baƙon halitta mai siffar mutum da ake kira Dakta, wanda ke yawo tsakanin duniyoyi da zamunna a cikin wani jirgi mai suna TARDIS. Daga waje jirgin kamar ɗan akwatin wayar 'yan sanda ne na titunan Landan, amma cikinsa ya ninka wajensa girma nesa ba kusa ba.

William Hartnell ne ya fara riƙe matsayin, inda ya fito a matsayin dattijo mai furfura da saurin fushi. Shirin ya karɓu ƙwarai, musamman bayan bayyanar Dalek, wasu halittu marasa imani da ke zaune cikin sulken ƙarfe. Amma zuwa 1966 lafiyar Hartnell ta taɓarɓare saboda ciwon toshewar jijiyoyin jini, har haddar kalaman wasa ta fara gagararsa.

Furodusan shirin na lokacin, Innes Lloyd, da abokan aikinsa sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. Ko dai a rufe shirin, ko a nemo mai kama da Hartnell a yi kamar babu abin da ya faru. Sai suka ɓullo da wata dabara ta uku: tunda Dakta ba ɗan'adam ba ne, idan jikinsa ya tsufa zai iya sabunta kansa, ya fito da sabuwar fuska da sabon hali, amma yana nan a matsayinsa na mutum ɗaya.

Ba a taɓa gwada irin wannan a wani babban shiri ba. Komai ya rataya ne a kan ko masu kallo za su yarda cewa baƙuwar fuskar da suke gani ita ce Daktan da suka sani.

Troughton na ƙasar Ireland yana ɗaukar fim ɗin The Viking Queen aka tuntuɓe shi. Da farko ya ƙi, domin yana ganin shirin ya kusa cin ƙasa, kuma yana tsoron kada sunan Dakta ya manne masa. BBC ta ci gaba da matsa masa tana ƙara kuɗi, har ya amince.

Yadda ya sauya Dakta

Ranar 29 ga Oktoba, 1966, a ƙarshen labarin The Tenth Planet, masu kallo suka ga Hartnell ya yanke jiki ya faɗi a cikin TARDIS, fuskarsa ta yi haske ta narke ta koma ta Troughton. Mako guda bayan haka, ranar 5 ga Nuwamba, aka fara labarinsa na farko, The Power of the Daleks.

An sha muhawara kan yadda sabon Dakta zai kasance. Har shigar kyaftin ɗin jirgin ruwa na zamanin da an gwada masa. Shugaban sashen wasan kwaikwayo na BBC, Sydney Newman, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shirin, shi ne ya ba da shawarar a mayar da shi wani ɗan yawon duniya mara galihu irin na Charlie Chaplin, sai dai shi sararin samaniya ne gidansa.

Haka Troughton ya fito da baƙar kwat da ta yi masa yawa, da wando mai zane-zane, da ɗan lakatayi a karkace, da gashi a barbaje, yana busa sarewa idan tunani ya sha masa kai. Ya kauce wa kwaikwayon Hartnell kwata-kwata. Nasa Daktan yakan firgita, yakan arce idan ta ɓaci, yakan yi kamar wawa har abokan gaba su raina shi, alhali tun farko ya gama karantar su yana jiran lokacin da zai ja musu igiya.

Marubutan sun yi wata hikima a labarin farko. Sun bar abokan tafiyar Dakta biyu, Ben da Polly, suna gardama kan ko wannan mutum shi ne Daktansu, kamar dai yadda masu kallo ke gardama a gidajensu. Abin da ya kashe bakin zancen shi ne lokacin da wani Dalek ya gan shi ya gane shi nan take.

Ba kowa ne ya karɓe shi hannu bibbiyu ba. Binciken jin ra'ayin masu kallo da BBC ta yi a farkon lamarin ya nuna da yawa na ganin an mayar da shirin wasan yara. Sannu a hankali Troughton ya rage barkwancin, ya ƙara zurfin halin, masu kallo kuma suka saba da shi.

Zamaninsa ya shahara da dodanni. A lokacin ne Cybermen, wato mutanen da suka musanya sassan jikinsu da ƙarfe har tausayi ya fita daga zukatansu, suka zama manyan abokan gaba. A lokacin ne aka fara ganin Yeti da Ice Warriors. A labarin Fury from the Deep na 1968 ne Dakta ya fara amfani da ɗan sukudireban nan nasa mai aiki da sauti, wanda har yau ba ya rabuwa da shi. Abokin tafiyarsa mafi daɗewa shi ne Jamie, wani saurayi ɗan Scotland daga ƙarni na 18, wanda Frazer Hines ya fito a matsayinsa. Shaƙuwar da ke tsakanin mutanen biyu a gaban kyamara ta samo asali ne daga abotarsu ta zahiri, kuma an san su da tsokanar abokan aiki a wurin ɗauka.

Nauyin aiki da ajiye matsayi

A wancan zamani ana yin kashi 40 ko fiye a shekara, kowanne kimanin minti 25. Akwai lokacin da tazarar mako ɗaya ce kawai tsakanin ɗaukar kashi da nuna shi. Ana kwashe kwanakin mako ana atisaye, a ɗauka a dare ɗaya, sannan a fita ɗaukar wasu sassan a waje a ranakun da ya kamata a huta.

Gajiya ta taru wa Troughton, ga kuma tsohon tsoronsa na kada daraktoci su manta cewa ya iya wani abu ban da Dakta. Bayan shekara uku ya ce ya isa haka.

Labarinsa na ƙarshe, The War Games, mai kashi goma, ya ƙare ranar 21 ga Yuni, 1969. A nan ne aka fara bayyana wa masu kallo asalin Dakta, cewa ya gudo ne daga cikin mutanensa da ake kira Time Lords, wato masu iko da lokaci. Sun gurfanar da shi bisa laifin tsoma baki a harkokin wasu duniyoyi, suka yanke masa hukuncin zaman gudun hijira a doron ƙasa tare da tilasta masa sauya kama. Shi ne kashi na ƙarshe da aka yi da hoto baƙi da fari. Da shirin ya dawo a Janairun 1970, mai kala ne, kuma Jon Pertwee ne Dakta.

Shekaru bayan haka, Troughton ya shawarci Peter Davison, Dakta na biyar, da kada ya wuce shekara uku a matsayin, kuma Davison ya bi shawarar.

Gida biyu

Troughton mutum ne da ba ya son hira da 'yan jarida. Dalilin da yake bayarwa shi ne idan masu kallo suka san ɗan wasa ciki da waje, zai yi wuya su gaskata shi idan ya shiga rigar wani. Amma akwai wani dalilin da bai fito fili ba sai bayan mutuwarsa.

Ya yi aure a 1943, suka haifi 'ya'ya uku. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar gidan ya koma zama da wata mata, wadda ita ma ta haifa masa uku. Shekaru da dama ya ɓoye wa mahaifiyarsa wannan rabuwa, ta yadda shi da matarsa ta farko kan kai mata ziyara tare kamar ba abin da ya faru. A 1976 ya sake yin wani auren.

Ɗansa Michael ne ya fayyace wannan a littafin tarihin rayuwar mahaifin nasa da ya rubuta. Ɗaukar nauyin gida biyu na cikin abin da ya sa Troughton bai cika mayar da aiki ba, kuma yana cikin abin da ya sa tayin BBC na albashi mai ɗorewa ya rinjaye shi a 1966.

Sana'ar ta bi jini. 'Ya'yansa David da Michael duk 'yan wasa ne, kuma dukansu sun fito a Doctor Who. Cikin jikokinsa akwai ɗan wasa Sam Troughton, da Jim Troughton wanda ya buga wa Ingila wasan kurket, da Harry Melling wanda ya fito a matsayin Dudley a fina-finan Harry Potter.

Bayan Doctor Who

Abin da yake tsoro bai faru ba, domin aiki bai yanke masa ba. A 1970 ya fito a matsayin Duke na Norfolk a shirin The Six Wives of Henry VIII. A 1976 ya fito a fim ɗin ban tsoro The Omen a matsayin Fada Brennan, limamin cocin da sandar kariyar tsawa ta faɗo daga saman coci ta tsire shi, wanda yana cikin wuraren da aka fi tunawa a fim ɗin. A 1977 ya fito a Sinbad and the Eye of the Tiger, a 1984 kuma a shirin yara na The Box of Delights. A Janairun 1987 an gan shi a kashin farko na shirin ɗan sandan ciki Inspector Morse.

Sau uku ya koma rigar Dakta: a The Three Doctors da aka fara nunawa a ƙarshen 1972, da The Five Doctors a 1983, da The Two Doctors a 1985.

Sai dai jikinsa ya fara gajiya. Ya gamu da mummunan bugun zuciya a 1979, ya sake gamuwa da wani a 1984. Kowanne ya kwantar da shi watanni, kuma kowane lokaci yana samun sauƙi yakan koma aiki gadan-gadan duk da gargaɗin likitoci.

Baje koli da tarukan masoya

Yayin da Troughton ke nesa-nesa da shirin, farin jininsa sai ƙaruwa yake yi. Tun a shekarun 1970 aka buɗe wuraren baje kolin kayan Doctor Who na dindindin guda biyu a inda Turawan Ingila ke zuwa hutu. Ɗaya a Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku a arewa maso yammacin ƙasar, wanda ya yi aiki daga 1974 zuwa 1985. Ɗayan kuma a Longleat, wani katafaren gidan sarauta a yankin Wiltshire da ke da gandun namun daji, wanda ya kai har 2003.

Iyalai kan shiga ta wata ƙofa mai siffar akwatin 'yan sanda, su bi ta lunguna masu duhu suna kallon Dalek da Cybermen da sauran dodanni na ainihi da aka yi amfani da su a wurin ɗauka, har su kai ga ɗakin sarrafa TARDIS. Ga yaran wancan zamani, da babu bidiyo a gida kuma ba a cika maimaita tsoffin shirye-shirye ba, wannan ce kusan hanya ɗaya tilo ta ganin dodannin zamanin Troughton ido da ido.

A hutun Ista na watan Afrilun 1983, BBC ta shirya bikin cikar shirin shekara 20 a Longleat. Jama'ar da suka zo sun zarce abin da aka yi tsammani nesa ba kusa ba, hanyoyi suka cushe, aka mayar da mutane da yawa daga bakin ƙofa. Troughton na cikin manyan baƙi, kuma tarbar da aka yi masa ta sauya yadda yake kallon lamarin. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gudun taro sai ga shi ya zama ɗan gari a tarukan masoya shirin, musamman a Amurka, inda yakan sa tsohuwar kwat ɗinsa ya hau dandali yana tsokanar Jon Pertwee.

Mutuwarsa

Ranar Juma'a 27 ga Maris, 1987, kwana biyu bayan cikarsa shekara 67, Troughton ya halarci wani taron masoya almarar kimiyya mai suna Magnum Opus Con a birnin Columbus na jihar Jojiya a Amurka. Kafin ya bar Ingila likitocinsa sun ja masa kunne kada ya wahalar da kansa.

Ya wuni cikin raha yana amsa tambayoyin mahalarta. An shirya masa walimar zagayowar ranar haihuwa a daren Asabar, tare da nuna labaransa na Doctor Who da suka rage, ciki har da The Dominators wanda ya ƙagu ya sake gani.

Da safiyar Asabar 28 ga Maris, da misalin ƙarfe 7:25, jim kaɗan bayan ya nemi a kawo masa karin kumallo a otal ɗin da ya sauka, bugun zuciya na uku ya same shi, kuma daga nan bai tashi ba.

Yadda aikinsa ya salwanta

Lokacin da ya mutu, mafi yawan aikin da ya yi suna da shi babu shi a ma'ajiyar BBC. A shekarun 1960 ana ɗaukar shiri ne a kan wani faffaɗan kaset mai tsadar gaske, don haka da zarar an nuna sai a goge a ɗauki wani a kai. Yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, kuma da talabijin mai kala ta zo sai aka ɗauka ba mai sake neman baƙi da fari.

Abin da ya rage shi ne kwafin da ake yi a kan fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Su ma sashen kasuwanci na BBC ya riƙa lalata nasa a shekarun 1970 don samun wurin ajiya, har sai da aka dakatar da hakan a 1978. Labarin Troughton na farko, The Power of the Daleks, duk kashinsa shida sun tafi. Muryoyin kawai suka tsira, saboda wasu masu kallo sun riƙa naɗar sautin a rikodarsu a gida, kuma da wannan sauti ne aka sake gina labarin da zanen katun a 2016.

Fatan da ya rage shi ne ƙasashen da aka sayar wa shirin. Tsarin da ake bi shi ne tasha ta nuna fim, ta tura wa ta wata ƙasa, ita ma ta tura gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar Landan ko ta lalata. Ba kowace tasha ce ta bi umarnin ba. A tsakiyar shekarun 1980 an dawo da labaran zamanin Hartnell daga Najeriya, ciki har da The Time Meddler da The War Machines. A 1991 aka gano The Tomb of the Cybermen na Troughton a Hong Kong, labarin da daga baya Matt Smith, Dakta na 11, ya kalla ya ɗauki salon lakatayinsa daga ciki.

Abin da aka samu a Jos

Philip Morris, wani Baturen Ingila mai kamfanin farautar tsoffin shirye-shirye, shi ne ya bi sawun takardun jigilar fina-finan har zuwa Jos. Ya dawo da kashi 11, tara daga ciki babu su a ko'ina a duniya: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Zafi da danshi su ne manyan abokan gabar fim, Jos kuwa da ke kan tsauni ta fi yawancin garuruwan Najeriya sanyi, kuma an samu fina-finan cikin yanayi mai kyau. Ganowar ta rage adadin kashin da suka ɓace daga 106 zuwa 97 a lokacin.

The Enemy of the World, wanda aka fara nunawa a Disambar 1967, ya ba sabbin masu kallo damar ganin iyakar gwanintar Troughton, domin mutum biyu ya fito a ciki. Shi ne Dakta, shi ne kuma Salamander, wani ɗan siyasa mai kama da shi da duniya ke yi wa kallon mai ceto, alhali shi ke haddasa girgizar ƙasa da ambaliya don ya ƙwace mulki. A da, kashi ɗaya kawai ake da shi, kuma ba a ɗauki labarin da muhimmanci ba. Bayan an gan shi cikakke sai darajarsa ta ɗaga a idon masu sharhi.

The Web of Fear na 1968 kuwa labarin Yeti ne da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan. Morris ya bayyana daga baya cewa kashi na uku na wannan labari yana cikin abin da ya gani a Jos, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kammala kwaso su. A wannan kashi ne Kanar Lethbridge-Stewart, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun mutanen shirin, ya fara haɗuwa da Dakta.

Sakacin mayar da kaya ne ya ceci waɗannan fina-finai kusan shekara 40, abin da ya sa masu bincike ke ci gaba da leƙa ɗakunan ajiyar tsoffin tashoshi a Afirka da Asiya. A irin waɗannan ɗakuna ne kuma ya kamata a nemi kaset-kaset na wasannin gida irin su Samanja da Karkuzu.